Idan Kwamfuta Ta Sume, Wa Zai Faɗi Abin da Ya Kayar da Ita?

Ranar 19 ga Yuli, 2024, aka wayi gari allunan kwamfuta sun koma shuɗi a filayen jirgin sama da bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Wani sabon gyara da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa abokan hulɗarsa ne ya zo da kuskure, kuma Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urori kusan miliyan 8.5 masu aiki da Windows ne suka durƙushe. Abin da ya sa ɓarnar ta yi muni shi ne wurin da kuskuren ya faɗa. Ya faɗa ne a cikin kanel, wato ƙwayar babbar manhajar kwamfuta.

Kanel ita ce mai rabo a cikin gida. Ita ke ba kowace manhaja wurin zama a ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, ita ke tsara wanda zai yi aiki yanzu da wanda zai jira, ita ke magana da faifan ajiya da allo da katin intanet. Idan manhajar rubutu ta rikice, kanel ta rufe ta, aiki ya ci gaba. Amma idan kanel ɗin ce ta rikice, babu na gaba da ita da zai tsawata. Sai ta dakatar da komai da gangan, don gudun kada ta ci gaba cikin ruɗewa ta lalata bayanan mutane. Masu aiki da babbar manhajar Linux suna kiran wannan hali firgicin kanel.

A kan Linux zan tsaya, domin kanel ɗinta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991, ita ce a ƙarƙashin wayoyin Android da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, waɗanda ake kira uwar garke. Duk mai kula da irin waɗannan na'urori yana da damuwa biyu: yaya za ta tashi da wuri, kuma yaya za a san abin da ya kayar da ita? Tun fitowar Linux 2.6.13 a 2005 akwai dabara guda da ke amsa duka biyun.

Sunanta kexec, kuma Eric Biederman ne ya assasa ta. A al'ada, idan aka sake kunna kwamfuta, sai ta koma tun farkon fari. Manhajar da ke jikin allon na'urar, BIOS ko UEFI, za ta ƙirga RAM, ta leƙa kowane faifai da kowane kati, kafin ta miƙa ragama ga kanel. A ƙaramar kwamfuta wannan daƙiƙoƙi ne. A babbar uwar garke yakan ci mintuna, kuma a cikin mintunan nan akwai mai tsaye a gaban na'urar cirar kuɗi yana jira. Da kexec, kanel mai aiki ita ce ke loda sabuwa a cikin RAM, ta tattara kayanta, ta miƙa mata ragama kai tsaye. Kamar babbar mota ce a doguwar tafiya, a canja direba ba tare da an kashe inji ba. Ana lodawa da umarnin kexec -l, sannan a ce systemctl kexec domin a rufe ayyuka cikin tsari kafin a tsallaka.

Saurin nan da kuɗinsa. Tunda ba a kashe na'urorin an kunna ba, wani katin hoto ko na intanet yakan ƙi karɓar sabon maigida. Haka kuma idan BIOS ɗin kanta aka sabunta, ko wani ƙarfe ne ya rikice, babu makawa sai an yi cikakkiyar kashewa da kunnawa.

Inda dabarar ta fi burge ni shi ne amfaninta na biyu, wanda ake kira kdump. A lokacin da kanel ta firgita, duk shaidar abin da ya faru tana cikin RAM, kuma RAM ba ta riƙe amana: da zarar an sake kunnawa, shaidar ta tafi. To me zai hana kanel ta rubuta shaidar a faifai kafin ta faɗi? Ai wanda jiri ya kwasa ba a ba shi alƙalami. Kanel da ta riga ta ruɗe tana iya rubuta shirme a inda bai dace ba, ta haɗa asarar aiki da asarar bayanai.

Sai aka yi wata hikima. Tun ana lafiya, lokacin da kwamfuta ke tashi, ake keɓe wani yanki na RAM a ce wa babbar kanel nan ba huruminki ba ne. A cikin wannan yanki ake kwantar da kanel ta biyu, tana jiran ranar da za a buƙace ta. Da firgici ya zo, sai a tsallaka kanta nan take ba tare da an taɓa sauran RAM ba. Ita kuwa lafiyarta ƙalau, sai ta ga duk abin da ta farko ta bari a matsayin fayil guda mai suna /proc/vmcore, ta kwafe shi zuwa faifai, galibi cikin /var/crash, ko ta tura shi wata kwamfuta ta hanyar sadarwa. Daga nan na'urar ta tashi kamar kullum. Keɓe wurin yana da wani dalili kuma: wasu katunan suna ci gaba da zuba bayanai a RAM ko bayan kanel ta faɗi, don haka dole mai ceto ta zauna inda ba za a zuba mata ba.

Me ake saitawa? Mai haɗa kanel da hannunsa zai kunna CONFIG_KEXEC da CONFIG_CRASH_DUMP da CONFIG_PROC_VMCORE, ya ƙara CONFIG_DEBUG_INFO domin a iya karanta shaidar daga baya. Mafi yawan mutane ba sa buƙatar wannan wahala, domin kanel ɗin nau'ikan Linux irin su Debian da Ubuntu da Fedora da Red Hat tana zuwa da su a kunne. Abin da ya rage shi ne a girka kayan aikin kdump, a kuma rubuta girman wurin da za a keɓe a layin tashin kanel, misali crashkernel=256M. A nan mutane ke yin rowa. Megabait 256 a na'ura mai gigabait 32 ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba, amma idan aka matse wurin, kanel ta biyu za ta shaƙe tun kafin ta kwafi komai. Na'ura mai katuna da faifai da yawa tana son fiye da haka. Wadda kuma aka kunna mata Secure Boot ba ta yarda a loda kanel marar sa hannu, shi ya sa aka ƙara hanyar kexec_file_load a Linux 3.17 a 2014, mai tantance sa hannun kafin lodi.

Fayil ɗin shaida yana iya kai girman RAM ɗin gaba ɗaya. Manhajar makedumpfile ce ke tace shi, ta zubar da shafukan da babu komai da waɗanda ba su shafi kanel ba, ta matse sauran. Daga nan masani ya buɗe shi da manhajar crash, ya ga aikin da ake yi a daƙiƙar faɗuwa da layin da aka yi tuntuɓe a kansa. Da haka ake raba gardama tsakanin mai cewa ƙarfe ne ya lalace da mai cewa manhaja ce. A kula, fayil ɗin yana iya ƙunsar kalmomin sirri da makullan ɓoye bayanai. Ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne don neman taimako.

Akwai abin da kdump ba ta iyawa, kuma ya shafe mu sosai. Idan wuta aka ɗauke, RAM ta goge baki ɗaya, har da kanel mai jiran. Maganin wannan batir ne da inbata. Amfanin kdump shi ne ta nuna maka ranar da laifin ba na wuta ba ne, domin a wurarenmu kusan duk na'urar da ta mutu akan ɗora wa wuta laifi, matsalar gaskiya kuwa tana nan kwance tana jiran mako mai zuwa.

Idan kana kula da uwar garke a makaranta ko asibiti ko ofis, duba fayil ɗin /sys/kernel/kexec_crash_loaded. Idan ya nuna 1, mai ceto tana wurinta. Sannan ka zaɓi lokacin da ba kowa ke aiki, ka adana komai, ka kayar da kanel da gangan da umarnin echo c > /proc/sysrq-trigger, ka jira na'urar ta tashi, ka leƙa /var/crash. Idan babu fayil a ciki, saitinka bai kammala ba, ka gyara shi tun yau.