Marvel da DC: Kishiyoyin da Ke Cin Tuwo a Kwano Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu cajin waya da tura fim a Yelwa, ko a Wara ranar kasuwa, ya san irin musun da yara ke tafkawa a wurin. Yaro zai miƙa memori a zuba masa fim, kafin a gama gardama ta kaure: tsakanin Superman da Hulk wa zai ka da wani? Wannan ya ce Batman ba shi da komai sai kuɗi da mota, wancan ya ce ai Iron Man ma in ka tuɓe masa sulke shi ke nan, ya zama kamar kowa. 'Ya'yan masunta kuwa gwaninsu Aquaman ne, tunda shi ma ɗan ruwa ne. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne waɗannan jarumai ba 'yan gida ɗaya ba ne. Kamfanoni biyu ne na Amurka suka mallake su, DC da Marvel, kuma sun haura shekara 80 suna hararar juna, tun kafin a yi fim ɗin ko ɗaya daga cikin waɗanda muke kallo yanzu.

Asalin abin mujallar zane ce, 'yar ƙarama mai launi, ana sayar da ita santi 10. DC ce uwargida. A 1938 ta fito da Superman a mujallar Action Comics, a 1939 Batman ya biyo baya a Detective Comics, wadda daga ita kamfanin ya samo haruffan sunansa. A wannan shekara ta 1939 wani ɗan kasuwa mai suna Martin Goodman ya ga ana ciniki, ya buɗe nasa shagon da sunan Timely, wanda daga baya ya koma Marvel. Cikin jaruman farko da ya fitar akwai Namor, sarkin ƙarƙashin teku. Aquaman na DC sai a 1941 ya bayyana. Wato tun daga tushe kowa na leƙen tukunyar ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsu ya faru ne a 1957. Kamfanin da ke rarraba wa Goodman mujallu ya durƙushe, Goodman bai sami mafita ba sai wajen Independent News, wanda mallakar masu DC ne. Suka karɓe shi, amma da sharaɗi: kada ya wuce mujalla 8 a wata. Ka ga mutum ya miƙa wuyansa ga abokin hamayyarsa ke nan. Wannan takunkumi bai sassauta ba sai wajen 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji ruwa ya haɗiye tsibiran Gungawa da yawa. Amma a cikin wannan ƙuncin ne Marvel ta yi aikin da ya ɗaga ta. DC ta haɗa manyan jarumanta a ƙungiyar Justice League a 1960, abin ya karɓu, sai Goodman ya ce shi ma a yi masa ƙungiya. Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka fito da Fantastic Four a 1961. Spider-Man ya zo a 1962, Lee da Steve Ditko ne suka yi shi, sannan Avengers da X-Men a 1963, sai Black Panther a 1966.

Bambancin ya fito fili. Jaruman DC na lokacin kamilai ne, ba sa fushi ba sa shakka, kuma suna zaune a biranen da babu su a taswira, Metropolis da Gotham. Na Marvel kuwa a New York suke, suna faɗa da juna, suna da matsala irin ta kowa. Peter Parker, wato Spider-Man, maraya ne, ɗan makaranta, goggonsa ba lafiya, kuɗin haya na neman gagarar su, ga shugabansa a gidan jarida yana zagin Spider-Man kullum. Yaro mai karatu ya ga kansa a ciki. Manyan DC sun daɗe ba su gane sirrin ba. Stan Lee ya sha ba da labarin yadda suke baza mujallun Marvel a tebur suna nazari, har suka yanke cewa yawan jan launi a bango ne ke jan masu saye. Zuwa farkon shekarun 1970 amarya ta wuce uwargida a ciniki.

Sai dai gaba ce irin wadda ba ta hana cuɗanya. Kirby, wanda hannunsa ya gina rabin Marvel, ya yi fushi ya koma DC a 1970, can ya ƙirƙiro Darkseid. A 1973 Marvel ta fito da Thanos, bos ɗin da yara suka sani a Avengers, kuma duk wanda ya jera hotunan biyun zai ga kamannin. Bayan shekara 5 a DC Kirby ya sake komawa Marvel. A 1976 kamfanonin suka haɗa hannu suka buga mujallar da Superman ya kara da Spider-Man, suka raba riba. A 1996 suka sake, har suka bar masu karatu su jefa ƙuri'a kan wanda zai yi nasara a wasu karawar. Har kalmar Turanci da ake kiran irin waɗannan jarumai da ita sun yi mata rajista tare a matsayin tambarin kasuwancinsu, suna hana ƙananan kamfanoni amfani da ita, sai a 2024 hukumar rajistar Amurka ta soke. A ganina wannan ya fi komai tona asirin faɗan: a gaban jama'a ana zumɓure-zumɓure, a bayan fage an haɗa kai an tare ƙofa.

Zancen fim kuwa kwan-gaba kwan-baya ne. DC, wadda ke hannun Warner, ta riga da Superman a 1978 da Batman a 1989. Marvel ta talauce a 1996, ta sayar da izinin fim ɗin Spider-Man ga Sony don ta tsira, na X-Men kuma tuni yana hannun Fox. Da ragowar jaruman da ba a damu da su ba ta yi Iron Man a 2008, Disney ta saye ta a 2009 kan dala biliyan 4, kuma Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8. DC ta yi gaggawar kwaikwayo da Justice League a 2017, abin bai yi armashi ba. Mafitarta? A 2022 ta ɗauko James Gunn, wanda ya yi wa Marvel Guardians of the Galaxy, ta sa shi cikin masu jagorancin fina-finanta.

To wa ya sha kashi a wannan dogon faɗa? Ba kamfani ko ɗaya ba. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga Cleveland da suka ƙirƙiro Superman, sun sayar da shi kacokan kan dala 130. Da suka kai ƙara daga baya suka rasa aikin, aka cire sunayensu daga mujallar. Sai a 1975, Shuster idonsa ya kusa tafiya, Warner ta yanka musu fansho na dala 20,000 kowannensu a shekara, bayan an yi ta surutu a jaridu. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya tak na waccan mujalla ta 1938 kan dala miliyan 6. Bill Finger, wanda ya tsara yawancin abin da muka sani game da Batman, ya mutu a 1974 cikin talauci, ba a fara sa sunansa ba sai 2015. Magadan Kirby sai a 2014 suka sasanta da Marvel. A wannan fanni gidajen biyu halinsu ɗaya.

Wannan ɓangaren nake so yaranmu masu zane a bayan littafin makaranta su sani, don harkar ta iso Najeriya. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, Roye Okupe kuma ya yi Malika, jarumar da ya gina kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Mu nan bakin Kwara ba mu rasa kayan aiki ba: ga labaran Sarkin Ruwa, ga artabun mafarauta da dorina, ga tseren jirage na Rigata, ga garuruwan da ke kwance ƙarƙashin tafki tun 1968. Ranar da wani yaro daga Shanga ko Ngaski zai zana su, za a sami mai kawo masa takarda da biro ya ce sa hannu a nan, kuma kuɗin da za a ambata zai yi masa kama da mai yawa.