Daga Rumbu Zuwa Tukunya: Saƙon Malamin Gona Ya Shafi Lafiyar Iyalinki

Yawancin matan da ke auno masara a kasuwannin Legas, Ibadan ko Fatakwal ba su taɓa haɗuwa da malamin gona ba. Amma abin da yake koya wa manomi bayan girbi shi ke raba tsabtataccen tuwo da mai cutarwa.

Masarar da aka zuba a buhu da sauran danshi, ko aka shanya a kan ƙasa, takan yi fumfuna. Wannan fumfuna ce ke fitar da gubar da ake kira afulatoksin. Ba ta da ɗanɗano, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Idan ana cin ta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru tana lalata hanta, tana iya kai wa ga dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. An kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Cibiyoyi irin su IITA a Ibadan, NSPRI a Ilori da NAERLS a Zariya sun daɗe suna aiki kan adana amfanin gona. Aikin malamin gona shi ne ya mayar da binciken nan maganar da manomi zai fahimta. Masana na so danshin masara ya sauka zuwa kusan kashi 13 cikin ɗari kafin ajiya, amma manomi ba shi da na'urar awo. Sai malamin ya zuba masara da busasshen gishiri a kwalba, ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya, kuma a kan tamfol.

Haka aka yi wajen yaɗa buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Ana ɗaure hatsi a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance a gabansu. Rashin iska ya kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Gani ya kori ji. Wannan darasi na da muhimmanci, domin har yanzu wasu na yayyafa wa hatsi maganin ƙwari irin su Sniper, wanda bai kamata ya taɓa abinci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne malaman sun yi kaɗan, kuma taronsu yakan cika da maza. Alhali mata ne ke tsinta, surfe da bakace, su ne kuma ke yanke shawarar ko za a zubar da ruɓaɓɓun ƙwayoyi ko a niƙa su tare. Shirin rediyo da Hausa da malaman gona mata da ke shiga gidaje su suka fi isa gare su.

Ke ma uwargida kina da rawar takawa. Ki sansana masara kafin ki saya. Mai warin danshi ko na magani ki bar ta komai arha. Ki tsince ƙwayoyin da suka yi kore, baƙi ko suka fashe kafin niƙa, kada kuma ki zuba wa kaji, domin gubar na cutar da su. Ki ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Sannan a kai kowa a gida gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.