Agogon Dawa da Agogon Banki

A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci, gona tana manne da gona, kuma ba a cika barin saura ta huta ba. Manomi yana dogara ga takin gargajiya da na zamani, shi kuwa na zamani sai da kuɗi. Wannan ne ya sa wasu ke cin bashin banki ko na ƙananan bankunan rance a farkon damina, su sa hannu a takardar da ta ba bankin iznin cire kuɗi daga asusunsu a wata ƙayyadaddiyar rana ta kowane wata. Na'ura ce ke yin wannan ciri, ba ta kuma tambayar ko hatsi ya nuna.

Tsiro yana da nasa lokacin. Ruwa yakan zauna a wannan yanki a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Gero yakan nuna cikin kimanin kwana 90 bayan shuka. Dawar gargajiya kuwa, irin su kaura da farafara, tsawon yini take aunawa. Ganyenta ne ke jin yawan sa'o'in haske da na duhu, kuma ba ta fitar da kai sai dare ya fara tsawo a ƙarshen damina. A shekarar 1968 masanin tsirrai D. L. Curtis ya wallafa binciken da ya nuna cewa dawar kowane yanki na Nijeriya tana fitar da kai daidai da lokacin ɗaukewar ruwan yankinta. Saboda haka ko an yi sammakon shuka, ba a yanke ta sai Nuwamba ko Disamba.

Ke nan wanda ya karɓi rance a Yuni, aka sa masa biya wata-wata, zai gamu da ranar ciri a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin ƙwadagon noma. Idan na'ura ta zo ta tarar da asusu babu kuɗi, tara ta hau. Ƙa'idar cajin bankuna da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da ita a Janairun 2020 ta ce idan irin wannan ciri ya faskara saboda rashin kuɗi, za a caji mai asusu kashi 1 cikin 100 na adadin, ko Naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa: idan kason wata Naira 20,000 ne, tarar ta kai rubu'insa, ko da jinkirin na kwana ɗaya ne. Daga 1 ga Agusta 2020 kuma, bankin da ke bin mutum bashi ya sami ikon bin lambarsa ta BVN ya ciri kuɗin daga asusunsa na wani bankin.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun da can akwai falle, inda manomi ke karɓar kuɗi da damina ya biya da dami a kaka. Falle yana da tsada, amma mai ba da shi ya san ranar girbi, don haka yakan jira. Ko kakar ma tana da nata tarkon, domin lokacin ne hatsi ke cika kasuwanni irin su Dawanau, farashi ya faɗi. Wanda ranar biya ta matsa wa dole ya sayar da araha, ya dawo da bazara ya saya da tsada.

Mafita ita ce a daidaita agogon biyu kafin a sa hannu. Manomi ya nemi a ɗaga masa fara biya zuwa bayan girbin abin da ya shuka, ya kuma ƙara makonni na sussuka da kai kaya kasuwa. Mai noman rani a bakin madatsar Thomas ko ta Watari yana iya raba biyansa gida biyu. Malamin makaranta da ke noma shi ma ya sa ranar ciri kwanaki kaɗan bayan shigar albashi, domin albashi yakan makara. A nan ɗalibai ke da aiki: su karanta wa iyayensu takardar rance tun daga sama har ƙasa, su nemo ranar ciri da adadin tara, su kwatanta da ranar da dawa za ta shiga rumbu.