Burtuntuna da Neman Irin Dawa Mai Jure Cuta

Duk manomin dawa a Ɗanzomo da sauran ƙasar Gumel ya san burtuntuna. Zangarniya za ta fito kamar lafiyayya, sai ka murza ƙwayar a tafin hannu ka ga ta fashe da baƙin gari. Wannan garin ƙwayoyin cuta ne dangin fumfuna, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wadda ke bin iri. A wajen sussuka garin yake manne wa lafiyayyar tsaba, ya kwana da ita a rumbu, ya tsiro tare da ita da damina. Maganinta ba wuya: a gauraya iri da hodar magani irin su Apron Star kafin shuka. Akwai kuma doguwar burtuntuna, mai fitowa kamar ɗan ƙaho a jikin zangarniya. Ita iska ke kawo ta lokacin da dawa ke fidda kai, kuma ta fi yawa a wuraren da ruwa bai wadata ba, irin namu na bakin iyakar Nijar. Wanke iri ba ya hana ta. Haka ma cutar da ke sa ganye ya yi jajayen tabo ya bushe tun ƙwaya ba ta cika ba. Wa zai iya sayen maganin feshin da zai ishi gonar dawa? Shi ya sa masana suka karkata ga samar da irin da ke jure cutar da kansa.

Wannan aiki ya daɗe a Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken noma a 1922, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can ake fitar da nau'o'in dawa masu suna SAMSORG, tare da haɗin gwiwar cibiyar ICRISAT mai reshe a Kano. Mai bincike yakan shuka ɗaruruwan iri, ya sa musu cutar da gangan, ya ware waɗanda suka tsira. Sai ya ɗauki garin furensu ya barbara wa irin da manoma ke so, kamar kaura ko farafara, ya rufe zangarniyar da jakar takarda don kada wani fure ya shiga. Daga 'ya'yan ake ta zaɓe damina bayan damina, har kusan shekara goma. Juriya kaɗai ba ta isa ba. In tuwon bai yi daɗi ba, ko karan bai ishi dabbobi ba, ko 'yan kasuwar Maigatari sun raina ƙwayar, irin ba zai karɓu ba. Ita ma cutar tana sauya hali, don haka aikin ba ya ƙarewa.

Manomi na da nasa rabon. Ya zaɓi iri tun a gona daga zangarniyoyi masu lafiya. Ya yanke masu burtuntuna ya ƙone su kafin a ɗaure dami. In zai gwada sabon iri, ya tuntuɓi malaman gona na JARDA, ya fara da 'yan kunyoyi kusa da nasa na gado, ya kwatanta su da kaka. Ya kuma tambaya ko irin mai aure ne, domin shi ba a ajiye tsabarsa don shukar baɗi.