Yadda Hausarmu Ke Kutsawa Cikin Turancinmu

'Yan'uwana ɗalibai, na lura cewa abin da ya fi kayar da mu a jarrabawar Turanci ba rashin sanin kalmomi ba ne. Kalmomin mun san su. Matsalar ita ce haɗa su, domin a kowane harshe kalma tana da abokan tafiyarta.

Mu ɗauki kalmar "sha". Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan taba, yana shan mangwaro, har ma yana shan wahala. Amma Bature ruwa da makamantansa kaɗai yake yi wa "drink". Magani sai ya ce "take", taba "smoke", mangwaro kuwa "eat". To, ɗalibin da ya haddace cewa "sha" ita ce "drink" sai ka ji ya ce "I drank two tablets".

Haka "ji" take. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin yunwa, muna jin Larabci. Turanci ya raba waɗannan gida huɗu: "hear", "smell", "feel" da "understand". Daga nan ne "I hear a smell" ta samo asali. Ita kuma "ara mini" ita ce ta haifi "borrow me your pen", alhali mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa ne ke yin "borrow".

Dalilin wannan shi ne, yaro yakan shirya maganarsa da Hausa a zuci, sa'an nan ya juya ta kalma bayan kalma. Nahawun jimlar yana iya fita daidai, shi ya sa ba ya gane ya kauce. Kuma wannan bai nuna Hausa ta gaza ba. Baturen da ke koyon harshenmu shi ma yakan ce zai "ɗauki magani", mu yi ta dariya.

Shawarata ita ce, kada mu haddace kalma ita kaɗai. Mu tanadi ɗan littafi, mu riƙa rubuta kowace kalma tare da abokiyar tafiyarta, kamar "make a mistake", "do homework" da "heavy rain". Mu kuma yawaita karatu a laburare, don nan ne za mu ga kalmomin a mazauninsu. Masu duba takardun WAEC ba sa yafe irin wannan kuskure, ga shi kuwa sai da kyakkyawan sakamako a Turanci ake shiga jami'a. Da ma Hausawa sun ce, da sannu-sannu kwana nesa.