BABI NA UKU: SANA'AR KIƊA DAGA TSIRKIYA ZUWA FAIFAI, MISALIN ƊANMARAYA JOS

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kayan kiɗa masu tsirkiya waɗanda aka sani a ƙasar Katsina, musamman a yankin Dutsin-Ma da Kurfi inda garin Maƙera yake, wato irin su garaya da goge da kukuma da gurmi da molo. A wannan babi kuwa za a dubi shi mai riƙe da abin kiɗan ne, da kuma yadda sana'arsa ta sauya bayan zuwan rediyo da faifai da kaset.

An zaɓi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos ya zama abin misali saboda dalilai guda biyu. Na farko, shi makaɗi ne wanda yake kiɗa da waƙa shi kaɗai, don haka ana iya ganin kowane ɓangare na sana'ar a jikin mutum ɗaya. Na biyu, ko da yake ba Bakatsine ba ne, da wuya a sami wanda ya yi wayo a Maƙera ko Dutsin-Ma ko Kurfi a shekarun 1970 da 1980 wanda bai san muryarsa ba, alhali kuwa mafi yawansu ba su taɓa yin ido biyu da shi ba. Yadda aka yi wannan murya ta iso su shi ne abin da babin zai yi ƙoƙarin fayyacewa.

3.1 Ayyuka Uku na Waƙar da ake Ɗauka a Na'ura

Kafin waƙa ta isa kunnen mai sauraro ta hanyar na'ura, sai ta bi ta matakai uku. Akwai aikin kiɗa, akwai aikin ƙirƙirar waƙa, sannan akwai aikin shirya ɗauka. Mai wannan aiki na uku shi ne yake zaɓar ɗakin da za a ɗauki murya, ya tsara inda za a kafa makirfo, ya daidaita ƙarfin kiɗa da na murya, ya kuma yanke hukunci a kan tsawon waƙa da wadda za ta shiga faifai.

A wasu ƙasashe akan sami mutum ɗaya ya haɗa ayyukan nan uku. Alal misali, a Ingila akwai Jimmy Page, wanda aka haifa a 1944, wato tsaran Ɗanmaraya ne. Ya fara da kaɗa wa wasu mawaƙa jita a ɗakunan ɗaukar murya na birnin Landan ana biyan sa, inda ya koyi aikin na'ura. A 1968 ya kafa ƙungiyar kiɗan rok mai suna Led Zeppelin. Shi ne mai kaɗa jita, da shi ake tsara waƙoƙi, shi ne kuma mai shirya ɗaukar fayafayan ƙungiyar. A 1974 har kamfanin faifai na kansu suka kafa mai suna Swan Song. Ke nan, tun daga yatsa har zuwa kasuwa, waƙarsa ba ta fita daga hannunsa ba.

A tsarin gargajiya na Bahaushe kuwa, ayyuka biyun farko rarrabe suke a tsakanin 'yan ƙungiya. Akwai jagora mai zuba waƙa, akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai kirari, a samansu duka kuma akwai ubangida wanda ake yi wa waƙar, wanda kuma yake ɗauke da nauyin ƙungiyar. Haka tsarin Ibrahim Narambaɗa yake a fadar Sarkin Gobir na Isa, haka na Mamman Sarkin Taushin Katsina yake a fadar Sarki Usman Nagogo. Aiki na uku kuwa ba shi da gurbi a gargajiyance, domin ma'ajiyar waƙa ita ce ƙwaƙwalwar jagora da ta 'yan amshinsa.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Ɗanmaraya

Sunansa na yanka Adamu, sunan mahaifinsa Wayya. An haife shi a garin Bukuru kusa da Jos a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗi ne na Sarkin Hausawan Bukuru. Allah Ya yi wa mahaifin nasa rasuwa jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa ma ta rasu tun yana jariri, sai Sarkin ya riƙe shi. Daga nan ne laƙabin Ɗanmaraya ya samo asali.

Tun yana yaro ya nuna sha'awar kiɗa. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ne ya ga makaɗan can suka burge shi, ya haɗa kuntiginsa, kuma bai sake rabuwa da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Waƙar da ta fara fito da shi ita ce wadda ya yi wa karen mota, wato yaron direba. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya. Daga baya ya sami lambobin girmamawa na ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga watan Yuni, 2015.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, Ɗanmaraya ɗan makaɗin fada ne, a gidan sarauta kuma ya tashi, amma bai gaji kiɗan fada ba. Mutuwar mahaifinsa ta yanke hanyar gado, wadda ita ce hanyar da ɗan makaɗi yakan bi, ya fara da amshi, ya koma kiɗa, kafin ya zama jagora. Haka kuma Bukuru da Jos garuruwan haƙar kuza ne, cike da baƙi da 'yan ƙwadago da direbobi da 'yan kasuwa. Waɗannan su ne masu sauraronsa na farko.

3.3 Kuntigi da Tasirinsa a kan Sigar Waƙa

Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Akan yi cikinsa da gwangwanin kifi, a rufe da fatar akuya, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya. Hannu ɗaya yana kaɗawa, yatsun ɗaya hannun suna danne tsirkiyar a jikin sanda domin sauya sauti. Idan aka kwatanta shi da jita mai tsirkiya 6, za a ga muryoyin da yake iya fitarwa kaɗan ne ƙwarai. Amma wannan ƙanƙanta tasa ta haifar da abubuwa uku masu muhimmanci.

Na farko, kuntigi ya maye gurbin 'yan amshi. A waƙar ƙungiya, lokacin da 'yan amshi suka karɓa ne jagora yake shan iska yana shirya ɗiyan waƙa na gaba. A wurin Ɗanmaraya tsirkiya ce take cike wannan gurbi. Idan ya ajiye magana sai kuntigi ya ɗauka, idan ya dawo sai kuntigi ya koma ƙarƙashin murya.

Na biyu, da yake sautin kiɗan ba ya danne murya, sai nauyin waƙa ya koma kan kalmomi. Wannan ya ba shi damar yin waƙa mai zubin labari, har ma da kwaikwayon muryoyi, inda akan ji shi ya yi maganar miji ya kuma juyo ya yi ta mata, kamar ana wasan kwaikwayo.

Na uku, kuma mafi muhimmanci ga wannan nazari, shi ne sauƙin ɗawainiya. Mai ƙungiya yana da bakuna da yawa da zai ciyar, ga tufatarwa, ga kuɗin mota. Dole ne ya nemi mai hannu da shuni ya raɓa. Mai kuntigi kuwa abin kiɗansa bai fi a rataya a kafaɗa ba, kuma abin da ya samu babu mai jiran kaso a ciki.

3.4 Jigogin Waƙoƙinsa

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rarraba makaɗan Hausa gida-gida, kamar makaɗan sarauta da na sana'a da na maza da na jama'a. A tsarin makaɗan sana'a, kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma. To, amma zamani ya zo da sababbin hanyoyin neman abinci waɗanda ba su da makaɗi na gado, kamar yaron mota da lebura da sauransu. Wannan fili ne Ɗanmaraya ya shiga. Da ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗauki salon yabo wanda aka saba yi wa sarki ko attajiri ne, ya ɗora shi a kan mutumin da ba shi da doki ko riga da zai bayar.

Haka nan ya mai da hankali ga zaman iyali. A waƙar “Jawabin Aure” ya lissafa illolin saki ya kuma ja hankalin ma'aurata ga sulhu. A “Auren Dole” ya soki aurar da yarinya ga wanda ba ta so. A “Gulma Wuya” ya nuna yadda magulmaci yake shiga tsakanin miji da mata har ya kashe aure. Waɗannan matsaloli ne da ake kai ƙararsu gaban mai unguwa da alƙali a Maƙera kamar yadda ake kai su a Jos. Don haka mai sauraro ba ya bukatar sanin wani basarake ko tarihin wani gida kafin ya fahimci waƙar. Wannan ba ya nufin bai yi wa manya waƙa ba. Ya yi, sai dai ba a kansu sunansa ya ginu ba.

3.5 Rediyo da Faifai da Kaset

Waƙar da ba ta da ubangida ɗaya tana bukatar masu sauraro da yawa, kuma na'ura ce ta samar da su. An buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, wanda sashensa na rediyo ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1978. Wannan gida shi ne babbar ƙofar da waƙoƙin Hausa suka bi suka shiga ƙauyukan ƙasar Katsina, tun kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Kamfanoni irin su EMI, wanda yake da ɗakin ɗaukar murya a Legas, su ma sun buga fayafayan makaɗan Hausa, ciki har da Mamman Shata da Ɗanmaraya.

Ta fuskar aiki, kiɗan Ɗanmaraya ya dace da na'ura. Ƙaramin faifai ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci a kowane gefe, babba kuwa kimanin minti 20. Waƙar fada, wadda a dandali takan miƙe gwargwadon yawan waɗanda za a ambata, sai an datse ta. Waƙa mai labari ɗaya kuwa tana da farko da ƙarshe. Bugu da ƙari, ɗaukar ƙungiya mai kalangai da 'yan amshi yana bukatar daidaita sautuka masu yawa, shi kuwa mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya ba ya ba mai ɗauka wahala.

Sai dai a nan ne bambancinsa da takwaransa na Ingila ya fito fili. Ɗanmaraya da tsararrakinsa, irin su Haruna Uji mai gurmi da Ahmadu Doka mai kukuma, sun mallaki kiɗa da waƙa, amma na'ura da ɗakin ɗauka da hanyar sayarwa suna hannun gidan rediyo da kamfani. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970 da 1980, sai lamarin ya ƙara kuɓuce musu, domin duk mai rikoda yana iya naɗar waƙa daga rediyo ko daga wani kaset ya sayar a kasuwa. An kafa dokar kare haƙƙin mallaka a 1988, aka kuma sabunta ta da dokar 2022, amma kwafin da aka yi ba da sanin mawaƙi ba babu abin da yake mayar masa. Ana iya cewa faifai da kaset sun yi wa makaɗin Hausa aikin shela ne: sun yaɗa sunansa, sunan ya jawo gayyata zuwa biki da taro, a can ne kuma ake samun abin sawa a aljihu.

3.6 Zamanin Situdiyo

Aiki na uku bai shigo hannun Hausawa sosai ba sai da sana'ar finafinan bidiyo ta kafu a Kano, wadda akan ƙirga farkonta daga fim ɗin “Turmin Danya” na 1990. Bukatar waƙoƙin fim ta sa aka buɗe ƙananan situdiyo masu aiki da fiyano ƙirar Yamaha, daga baya kuma da kwamfuta. Mawaƙa irin su Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Dauda Kahutu Rarara, wanda ɗan Jihar Katsina ne, a wannan tsari suka yi suna. Har makaɗin jita na Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, a Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko a 2008.

Abin da aka samu ta nan kuwa an rasa wani ta can. A situdiyo, fiyano ce take kwaikwayon sautin kalangu da goge da sarewa, saboda haka mawaƙi yana iya shahara bai taɓa ɗaura tsirkiya ba. Wato an kama aiki na uku, an saki na farko.

3.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa haɗa kiɗa da ƙirƙirar waƙa a hannu ɗaya shi ne ya rage wa Ɗanmaraya dogaro da ubangida, ya ba shi damar yi wa talaka waƙa, ya kuma sa waƙarsa ta dace da rediyo da faifai har ta isa garuruwa irin su Maƙera. An kuma ga cewa aikin ɗauka da yaɗawa ya kasance a hannun wasu, don haka yaɗuwar suna ba ta tafi kafaɗa da kafaɗa da mallakar waƙa ba. Wannan yana da muhimmanci ga makaɗan garaya da goge da suka rage a yankin Dutsin-Ma da Kurfi, domin duk wanda ya rasu ba a ɗauki kiɗansa ba, ya tafi da shi ke nan. A babi na gaba za a dubi halin da waɗannan makaɗa suke ciki.