Kaɗi a Ƙasar Haɗejiya da Kaɗi a Ƙasar Peru

A dā, a garuruwan bakin kogin Haɗejiya, da wuya a shiga gida bayan kaka ba a tarar da mace da mazari a hannu ba. Auduga ake kaɗawa, domin tumakin ƙasar Hausa, watau Uda da Balami da 'Yankasa, ba su da ulu, sai gajeren gashi wanda ba ya murɗuwa.

Kafin auduga ta zama zare sai an gurje ta a kan magurji an fid da angurya, sa'an nan a shiɓe ta da baka ta yi laushi. Silinta gajere ne, bai fi inci guda ba, saboda haka in an saki mazari yana reto, nauyinsa sai ya tsinke zaren. Shi ya sa mai kaɗi takan zauna, ta kafa tsinin mazari cikin ƙoƙo ko a kan fata, ta shafa alli a yatsu, tana murzawa. Zare mai kauri shi ne abawa, siririn kuwa arafiya.

A duwatsun Peru da Bolibiya, cikin Amurka ta Kudu, akwai wata dabba dangin raƙumi, marar tozo, ana ce mata lama. Gashinta iri biyu ne: na sama mai kaushi, ana yin igiya da buhu da shi, na ƙasa mai laushi, shi ake kaɗawa don tufafi. Da yake silinsa dogo ne, yakan riƙe nauyin mazari, har mace ta yi kaɗi tana tafe tana kiwo. Masaƙa tsohuwar aba ce a wurinsu, amma saƙa da tsinke, irin ta huluna, sai bayan zuwan Sifaniyawa a 1532 suka koye ta.

Ashe mazari ɗaya ne, tsawon sili ne ya zaunar da wannan, ya bar waccan tana tafiya.

Sai dai a nan sana'ar ta ja baya ƙwarai. Jirgin ƙasa ya kai Nguru a 1930, ta Malam Madori, yadin kanti ya yawaita, aka kuma buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Yau kaɗi ya koma hannun tsofaffi kaɗan. Ya kamata masu nazarin Hausa su zauna da su, su rubuta sunayen kayan aikin da yadda ake sarrafa su, tun masu sanin suna da rai.